Kafin ka ce wa ɗanka "je ka rama"

Jama'a, tun daren jiya raina bai kwanta ba. Bari in faɗa, ko wani zai amfana.

Ɗana yana aji huɗu a wata firamare a nan Agege, Legas. Mako uku ke nan wani yaron ajinsu ya sa shi a gaba: yau ya ƙwace masa kuɗin tara, gobe ya hankaɗe shi a layi, ranar Talata har aljihun rigarsa ya yaga. Na dawo daga kasuwar Mile 12 a gajiye, warin albasa bai ma bar hannuna ba, ina ganin rigar na daka masa tsawa: "Kai ba namiji ba ne? Gobe in ya taɓa ka, ka fasa masa baki!" Wallahi ko sunan yaron ban tambaya ba.

Jiya mahaifiyar ɗan nawa ke gaya mini kwana biyu yana roƙonta ta ƙara masa burodi, ta yanka gida biyu. Na kira shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, yaron nan ba ya zuwa da komai. Lokacin tara ruwan famfo yake sha a bayan aji. An kama babur ɗin babansu." Duk wanda ke Legas ya san yadda ake kwashe babura tun dokar hana acaɓa ta 2022, ya kuma san abin da gida ke shiga in babur ya tafi.

Yaro ɗan shekara tara ya hango yunwa. Ni da furfurata, yagaggiyar riga kawai na gani.

Iyaye, mu ji tsoron Allah! A kira mu "aboki" da raini a cikin motar haya ta danfo, mu haɗiye, mu zo gida mu juye wa yara. Yaro ya dawo daga Islamiyya da hawaye, mu ce rago. Yarinya ta ce ana yi wa Turancinta dariya, mu ce zage su. Wa muke tarbiyyantarwa haka?

Ban ce a zuba ido ana dukan ɗanka ba. Yau da safe na je na ga malamarsu, don a tsawatar. Amma Manzon Allah (SAW) da ya ce a taimaki ɗan'uwa ko da shi ne azzalumin, cewa ya yi a hana shi zaluncin. Bai ce a fasa masa baki ba.

Don Allah, in ɗanka ya dawo yau yana kuka, zaunar da shi ka tambaye shi. Ka tambaye shi tukuna. Ni dai Allah ya yafe mini tsawar nan.