Abin da "Kil" yake nufi a sunayen garuruwan bakin tekun Ireland

Wanda ya ɗan ji Turanci, in ya duba taswirar gaɓar yammacin Ireland ya ga Kilkee da Kilrush da Killybegs, yakan ɗauka cewa an yi kisa ko yaƙi a wuraren, saboda "kill" a Turanci tana nufin kashewa. Ba haka ba ne, domin sunayen na harshen Gaelic ne, wato harshen asali na mutanen Ireland, Turanci kuwa daga baya ya zo ya rubuta su yadda kunnen Bature ya ji.

Asalin "Kil" ɗin da ke farkon sunayen kalmar "cill" ce, wadda ta fito daga "cella" ta Latin, ma'anarta coci ko ɗan ɗakin da mai ibada yake keɓewa a ciki. Kilkee ita ce Cill Chaoi, wato cocin wani waliyyin Kirista mai suna Caoi. Killybegs kuwa, garin masunta a gundumar Donegal inda manyan jiragen kamun kifi suke jere a tasha, sunansa Na Cealla Beaga, wato ƙananan ɗakunan ibada.

Sai dai akwai wurin tuntuɓe, domin wasu kalmomi biyu suna kama da ita a baki. "Coill" daji ce, shi ya sa Kylemore take nufin babban daji, "caol" kuma matsattsen mashigin ruwa ne, kamar Kyle of Lochalsh a Scotland. Aikin zana taswirar Ireland da hukumomin Birtaniya suka fara a 1824 ya daɗa tabbatar da rubutun Turancin da ya cakuɗa su.