Wilhelm Frankl: Jamus ta karɓi jininsa, ta goge sunansa

Ranar 8 ga Afrilun 1917 wani jirgin yaƙi ƙirar Albatros ya tarwatse a sararin samaniyar arewacin Faransa, fiffike ya ɓalle ana tsaka da artabu da jiragen Ingila, matuƙin bai kai labari ba. Sunansa Wilhelm Frankl, shekararsa 23 kacal, haifaffen Hamburg, ɗan wani ɗan kasuwa Bayahude. Na san wani da ya ga kalmar Bayahude zai ce to mu ina ruwanmu, ga abinda ake yi a Gaza? Ni ma abin Gaza na ci min rai wallahi, amma dan Allah a yi lissafi, yaron nan ya mutu shekara 31 kafin a kafa Isra'ila, ƙasarsa Jamus ce, ita ya yi wa yaƙi, kuma ita ta ci amanarsa.

A 1913 ya koyi tuƙi a filin jirgi na Johannisthal kusa da Berlin, a makarantar Melli Beese, mace ta farko da ta samu lasisin tuƙa jirgi a Jamus. Yaƙin Duniya na Ɗaya na ɓarkewa a 1914 ya kai kansa. Jiragen lokacin fa katako ne da yadi da waya, kuma ba lemar dirowa, in wuta ta kama shikenan sai dai addu'a. Jirgin farko da ya kakkaɓo a 1915 da bindiga irin ta sojan ƙasa ya harbo shi. A Agustan 1916 aka rataya masa Pour le Mérite, lambar da sojan Jamus ba shi da burin da ya wuce ta, daga baya ya zama kwamandan rundunar jiragen yaƙi ta Jasta 4, jirage 20 aka lissafa ya kakkaɓo kafin ya mutu.

Wata biyu kacal bayan lambar, a Oktoban 1916, ma'aikatar yaƙi ta bada umarnin a ƙirga Yahudawan da ke cikin soja, wai ana zargin suna noƙewa ba sa zuwa bakin daga. Ka ji fa, mutum na sama yana wasa da ransa, a ofis kuma ana ƙirga danginsa kamar ɓarayi, da aka gama ƙidayar ma ba a fitar da sakamakon wa jama'a ba, aka bar zargin yana yawo. Alhali Yahudawan Jamus kusan 100,000 ne suka sa kaki, wajen 12,000 ba su dawo gida ba.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 sai suka bi matattu ma. A 1935 aka hana rubuta sunayen sojoji Yahudawa a sababbin allunan tunawa da mazan jiya, Frankl kuma aka tsallake sunansa a jerin matuƙan da suka ci wannan lambar, kamar ba a taɓa yinsa ba. Abinda ya fi tsaya min a rai Hermann Göring ne, shi ma matuƙi ne a wannan yaƙin, lambarsu ɗaya, a 1918 shi ya jagoranci babbar rundunar da Jasta 4 ke ƙarƙashinta, wato ba zai ce bai san Frankl ba, kuma shi ne shugaban sojan sama lokacin da ake wannan gogewar. Frankl ya koma Kirista dab da mutuwarsa saboda aure, amma dokokin Nuremberg, waɗanda 'yan Nazi suka kafa don ware Yahudawa, jini suke dubawa, ba ruwansu da abinda mutum yake bautawa.

Akwai masu cewa bai cancanci a tuna shi ba, yaƙin na 'yan mulkin mallaka ne, Jamus ɗin nan ita ke danne da Kamaru da Togo kafin a ƙwace, kuma waɗanda ya harbo su ma 'ya'yan wasu ne. Duk gaskiya ne, ban musa ba, ni ma ba kirari nake masa ba. Amma goge sunan ba don tausayin waɗanda ya harbo aka yi ba ai, tunda sauran matuƙan an ci gaba da kambama su. An goge ne saboda yana da wuya ka ce wa jama'a maƙwabcinku maci amana ne alhali sunan ɗansa na manne a bango kusa da na ɗanka. Sai da aka cire sunayen tukuna aka zo kan masu rai, tsofaffin sojojin da suka tsira daga ramukan Faransa, wasu da lambobinsu a aljihu, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Theresienstadt, sansanin da 'yan Nazi ke tsare Yahudawa.

Sai a 1973 sojan saman Jamus ta Yamma suka sa wa barikinsu na Neuburg, a bakin kogin Danube, sunan Wilhelm Frankl. Na yaba, amma shekara 56 kenan bayan faɗowar jirginsa, kuma yawancin waɗanda ya kamata su tsaya a gaba ranar bikin suna alfahari da ɗan uwansu, ko an kashe su ko sun gudu sun bar ƙasar. An binne shi a unguwar Charlottenburg a Berlin.