Ambaliya ba adashi ba ce

Duk sanda ruwa ya ci gari, akwai maganar da ba a rasa ji daga bakin jami'ai da 'yan jarida: "Irin wannan ambaliya sau ɗaya ake ganinta a shekara ɗari." Wanda ruwa ya cinye wa gida sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗauka rabon wannan ƙarni ya fita, saura kuma sai jikoki. Ya tattara ƙarfinsa ya sake aza tubali a daidai inda na farko ya rushe. Wannan fahimta tana jawo asarar rayuka, kuma a ganina nauyin ya fi rataya a wuyan masana da suka saki kalmar cikin jama'a ba tare da sun warware ta ba.

A adashi, in ka kwashi naka, ba ka sake kwasa sai zagaye ya kammala. Kogi bai san wannan ƙa'ida ba. Abin da injiniya ke nufi ya fi kama da ƙwarya mai wake ɗari a ciki, casa'in da tara farare, ɗaya ja. Kowace damina a rufe ido a zaro ƙwaya ɗaya, a duba, a mayar da ita, a girgiza ƙwaryar. Jan wake zai iya fitowa bana ya sake fitowa baɗi, domin fitowarsa ta bana ba ta cire shi daga ƙwaryar ba. Idan aka bi lissafin, mai gida a irin wannan wuri yana da yiwuwar kashi 26 cikin ɗari ya ga wannan ambaliya cikin shekara 30. Cikin shekara 70, tsawon rayuwar mutum ke nan, abin ya kai rabi da rabi. Cikin shekara ɗari kuwa kashi 63 ne, wato akwai kashi 37 na cewa ƙarnin zai wuce ba a gan ta ba sam, akwai kuma yiwuwar ta zo sau biyu ko uku.

Wannan shi ne ilimin lissafin yiwuwa: ɗaukar abin da ba a san ranar zuwansa ba a auna yawan zuwansa. Ƙasar da ta fi kowa nuna amfaninsa a fagen ruwa ita ce Holan, wadda kusan rubu'in ƙasarta ke ƙasa da matakin teku, jinga da ganuwa ne kaɗai ke raba mutanenta da ruwan gishiri.

Ƙarni bayan ƙarni, mutanen Holan suna gina jingarsu ne da irin dabarar da dattawanmu na bakin gulbi suka sani: a duba iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a tarihi, a ɗora ɗan ƙari a kai. A 1939 wani injiniyan gwamnati mai suna Wemelsfelder ya nuna raunin wannan dabara. Ya tattara ma'aunin tumbatsar teku na shekaru masu yawa a Hoek van Holland, wani gari a bakin tekun ƙasar, ya jera su, ya ga cewa suna bin wani tsari: duk sanda aka ƙara wani adadi na tsayi, yawan zuwan ruwan da ke kaiwa can yana raguwa ninki goma, amma ba ya taɓa komawa sifiri. Ma'ana, mafi girman ruwan da aka taɓa gani iyakar tunawar mutane ce kawai, teku na da abin da ya fi shi a ajiye. Ba a yi saurin aiki da maganarsa ba, ga yaƙin duniya na biyu ya shigo, ga talaucin bayan yaƙi.

A daren 31 ga Janairu zuwa wayewar garin 1 ga Fabrairu 1953, guguwa ta haɗu da babbar tumbatsa, ruwa ya kai mita 3.85 sama da matakin teku a Hoek van Holland, jinga ta ɓalle a wurare da dama a kudu maso yammacin ƙasar, mutum 1,836 suka rasu. Cikin makonni gwamnati ta kafa kwamiti, kuma cikin waɗanda aka nemi taimakonsu har da wani malamin lissafi na Amsterdam, David van Dantzig. Tambayar da aka miƙa masa gajera ce: jinga, nawa ya kamata tsayinta ya kai?

Amsarsa ce ta sa nake wannan rubutu. Ya ajiye ma'auni mai hannu biyu. A hannu ɗaya, kuɗin da kowane ƙarin tsayi zai ci. A ɗaya hannun, asarar da za a yi in ruwa ya tsallake, a auna ta da yiwuwar tsallakewar a kowace shekara. Jinga gajera tana da araha amma asarar da ke jiran ta babba ce. Jinga mai tsayi tana rage asarar amma tana cinye baitulmali. Akwai wani tsayi a tsakani inda jimillar biyun ta fi ƙanƙanta. A ƙarshe aka tsayar cewa tsakiyar Holan, inda jama'a da dukiya suka fi taruwa, za a kare ta daga ruwan da yiwuwarsa ɗaya ce cikin 10,000 a shekara, yankin Zeeland kuma ɗaya cikin 4,000. A kan wannan tunani aka gina manyan ƙofofin tare teku, irin na Oosterschelde da aka buɗe a 1986 da na kusa da Rotterdam a 1997.

Na san abin da za a ce: Holan ƙasa ce mai kuɗi, ina mu ina su. Ni kuwa ina ganin akasin haka. Lissafin van Dantzig lissafin mai ƙaramin aljihu ne, domin wanda kuɗinsa ba su da iyaka ba ya buƙatar awo. Jihar da ba za ta iya gyara gada goma a shekara ɗaya ba ita ce ta fi buƙatar sanin wacce ruwa ya fi barazanar ɗauka, kuma mutum nawa ke bayanta. Akwai ɗaci a cikin wannan awo, ba zan ɓoye ba: yana ba birni kariya fiye da ƙauye, tunda dukiyar birni ta fi yawa. Su ma mutanen Holan sun ga wannan giɓi, shi ya sa daga 2017 dokarsu ta sa wa kowane mutum ƙasan kariya, cewa haɗarin mutuwarsa ta ambaliya kada ya wuce ɗaya cikin 100,000 a shekara, ko a ina yake zaune, kuma suna da niyyar cimma wannan kafin 2050.

Wasu kuma zuciyarsu kan yi ɗar da batun gaba ɗaya, suna jin kamar shiga gaibu ne. Mai lissafin yiwuwa bai ce ya san ranar ba. Ginshiƙin aikinsa ma shi ne amincewa cewa bai sani ba. Sayyidina Umar da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da tawagarsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Auna haɗari ɗaure raƙumi ne.

Inda na fi damuwa shi ne ƙwaryar kanta. A misalina na ce jan wake ɗaya ne cikin ɗari, amma a zahiri babu mai leƙa cikin ƙwaryar ya ƙirga. Ana ƙiyasta yawan jan ne daga abin da aka zaro a baya, wato daga rubutaccen ma'aunin ruwan sama da na kogi. Wemelsfelder ya iya aikinsa ne saboda wasu sun shafe shekaru suna rubuta matakin teku kowace rana. Wanda ke da ma'aunin shekara ashirin mai giɓi a tsakiya, ya ce zai faɗi girman ruwan shekara ɗari, ƙiyasinsa na iya kaucewa nesa.

A Sahel matsalar ta ninka. Babban ɓangare na ma'aunin da muke da shi na shekarun farin 1970 da 1980 ne, lokacin da koguna suka ja baya, mutane suka shiga fadama da tsoffin hanyoyin ruwa suka yi gini. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan adam, ya gano cewa hadari mafi ƙarfi a Sahel ya ninka sau uku a yawan zuwansa tun daga 1982. Ga sare itatuwa da ƙeƙashewar ƙasa, waɗanda ke sa ruwa ya gangara maimakon ya nitse. Wato ana ta ƙara jan wake a ƙwaryar alhali muna lissafi da tsohon adadi. Kogin Neja ya kafa tarihin tumbatsa a Yamai a 2020. Maiduguri ta sha ruwan madatsar Alau a 1994, ta sake sha a Satumban 2024, shekara talatin cif. Mokwa ta binne mutanenta a Mayun 2025. Kuma duk lissafin da aka yi wa madatsa, an yi shi ne bisa zaton ana kula da ita. Wadda aka bari tana tsagewa, lambar da ke kan takarda ba tata ba ce kuma.

Muna da hukumomin da aikinsu ke nan: NiMet da NIHSA a Najeriya suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, cibiyar nazarin yanayi da ruwa ta AGRHYMET tana Yamai tun 1974. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. A daina cewa "ambaliyar shekara ɗari" a rediyo, a ce "kashi ɗaya cikin ɗari kowace damina, har da ta baɗi". Kowace babbar madatsa, Tiga, Challawa, Goronyo, Bakolori, a bayyana wa jama'ar da ke ƙasanta girman ruwan da aka gina ta ta ɗauka, da shekarar da aka yi wannan lissafi, a kuma sake shi da ma'aunin shekarun nan. A Holan doka ce ta wajabta sake duba jinga lokaci bayan lokaci tare da kai rahoto gaban majalisa.

Sannan a dawo da martabar ƙaramin ma'aikacin da ke zuwa gindin gada kowace safiya, ya dubi sandar awo, ya rubuta lamba a littafi. A biya shi albashinsa a kan kari, a sauya masa sandar in ruwa ya tafi da ita, a kuma sa lambobinsa a intanet inda ɗalibin injiniya a Zariya ko Maraɗi zai same su ba tare da ya rubuta wa kowa takardar roƙo ba.