Ranar da Na Yi Shara Irin ta Beppo

Malamarmu ta Jamusanci a Stuttgart ce ta haɗa ni da Michael Ende. Ta ce marubucin tatsuniyoyin yara ne, an haife shi a 1929, ya yi makaranta a wannan garin, kuma kamfanin Thienemann na nan cikin gari ne ya buga littafinsa na farko, Jim Knopf, a 1960, bayan kamfanoni fiye da goma sun ce ba sa so. Ta miƙo mini wani littafin nasa, Momo, na 1973, wai in ƙaru da kalmomi.

Kalmomi kam ban ƙaru da su sosai ba, amma na samu hujja. A littafin akwai wasu mutane masu toka-tokan kaya da ke bin jama'a suna lallashinsu su riƙa tattalin lokaci suna ajiyewa a banki, alhali sace shi suke yi suna zuƙewa a sigari. Na ce yauwa! Ashe Bajamushe da bakinsa ya faɗa. Ni da aka daɗe ana harara kan lattin minti biyar, yau ga shaida daga cikin gida.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Beppo, tsoho mai sharar titi. Shi a wurinsa ba a duban tsawon titi. Taku ɗaya, numfashi ɗaya, jan tsintsiya ɗaya, har ka wayi gari ka gama.

To a wannan yankin suna da wata al'ada, Kehrwoche. Kowane mai haya yana da makonsa na share matakalar bene da ƙofar gida, ana rataya maka ɗan allo a ƙofa don kada ka ce ba ka sani ba. Da allon ya iso kaina, ranar Asabar na ɗauki tsintsiya na hau hawa na huɗu. Na taka, na ja numfashi, na share. Wallahi akwai daɗi. Har ƙurar sai da na tsaya ina kallonta tana sauka.

Ina tsakiyar hawa na uku sai ƙofa ta buɗe. Tsohuwar da ke saman mu ce, wadda ke gane an yi shara ko ba a yi ba ta hanyar shafa ƙarfen matakala da yatsa. Ta dube ni, ta dubi agogonta.

"Maƙwabci, ba ka da lafiya ne? In kira motar asibiti?"

Na gyara tsayuwa, na tattaro Jamusancina kaf, na shiga yi mata bayanin Beppo da ɓarayin lokaci. Har kunkurun nan Kasiyofiya na kawo mata, wadda ke nuna wa Momo, yarinyar da ke cikin littafin, cewa a wani lungun sai ka rage sauri sannan ka isa da wuri.

Ta bar ni na gama tsaf. Sai ta ce ita ta karanta wa 'ya'yanta Momo tun ban zo duniya ba. Ta san ya ci kyautar littafin matasa ta Jamus a 1974, ta san mahaifinsa Edgar mai zane ne da 'yan Nazi suka hana shi aiki, ta san a Filderstadt, nan kusa, Ende ya rasu a 1995.

"Amma ka san inda ya kammala rubuta littafin?"

Na yi shiru.

"Genzano, kusa da Rum. Italiya ya koma kafin ya kammala shi. In irin wannan sharar kake so, jirgin ƙasa na nan."

Ta karɓi tsintsiyar ta nuna mini lungun da na tsallake, ta mayar mini. Ta kuma tsaya a kaina har ƙasa, tana lissafa mini matakala, babu zancen numfashi.

Na shigo gida ina haki, na tarar uwargida ta naɗe hannu. Shagunan nan ba sa buɗewa ranar Lahadi, kuma ni ne da cefane.

"Abban Ummi, tun safe shara?"

Na buɗe baki zan fara da Beppo.

"Ta riga ta faɗa mini," in ji ta. "Kuma ta ce allon zai ƙara mako a ƙofarmu."