Jirgin da ya ware daga ayari

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ranar 27 ga Yunin 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ruwa 35 na dakon kaya suka tashi daga tsibirin Aisland za su arewacin Rasha, maƙare da tankokin yaƙi da motoci. PQ 17 ake kiran ayarin. Jiragen yaƙi na yi musu rakiya, sannan a kan jiragen kayan an ɗora sojojin ruwa masu harba igwa da bindigogin kakkaɓo jiragen sama. Kayan ba nasu ba ne, gadi kawai aka ba su. A wannan yanki rana ba ta faɗuwa a watan Yuli, babu duhun da za a fake a ciki. Haka mutum zai tsaya jikin ƙarfe mai sanyi kamar ƙanƙara, ido na raɗaɗi, yana duba sama yana duba ruwa.

Suna tare, Jamusawa sun kawo farmaki ta sama, amma wuta ta ko'ina take tashi, kowane jirgi na kare na kusa da shi. Kaɗan aka rasa. Ranar 4 ga Yuli sai umarni ya zo daga Landan, saboda tsoron wani ƙaton jirgin yaƙin Jamus mai suna Tirpitz: 'yan rakiya su janye, ayari ya watse.

Mai igwa bai gudu ba, yana nan bakin aikinsa. To amma igwar jirgi ɗaya me za ta yi? Aka bi su ɗai-ɗai ana nutsarwa. Guda 11 kacal suka isa.

Wallahi duk sanda na tuna wannan, hadisin Abud Darda'i nake tunawa, inda Manzon Allah (SAW) ya ce mu lizimci jam'i, domin kyarkeci tunkiyar da ta ware yake ci. A kan sallah ya faɗe shi. Ɗan uwa, kana iya zama mai ilimi, mai ƙarfin zuciya, ka ce ai a ɗaki ma Allah na gani. Gaskiya ne. Amma daga fashin Asuba ɗaya ake farawa, sai Isha'i ta bi, sai ka wayi gari wata guda goshinka bai taɓa tabarmar masallaci ba.

Mu kuma da ke cikin sahu, kowa mai gadin na kusa da shi ne. Maƙwabcin nan da aka kwana uku ba a ga takalminsa a ƙofar masallaci ba, waye cikinmu ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa? Gobe da Asuba, in Allah Ya kai mu, a biya ta gidansa.