Ranar da gwamnati ta zama mai gidan caca

Kullum bayan sallar asuba nakan tsaya shagon wani Bayamale a unguwarmu ta Bronx da ke birnin New York in sayi shayi kafin in fita da tasi. Akwai wata dattijuwa da nake yawan tararwa a wurin, sanye da kayan aikin masu kula da tsofaffi, da alama daga aikin kwana take. Za ta miƙa dala 20, a yago mata katin cacar loto na kankarewa, ta matsa gefen firji ta sa kwabo tana kankara, lamba bayan lamba. In ta gama sai ta ninke shi biyu ta jefa a kwandon shara, ta ce wa mai shagon sai gobe. Ba na jin na taɓa ganin ta yi fushi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne mai katin. Ba wani ɗan damfara ba ne a lungu, gwamnatin jihar New York ce da kanta, kuma tun 1967 take wannan sana'a.

Ni da na tashi a Kano, ɗan caca mutum ne da ake nunawa da baki. 'Yan karta sukan ɓuya a kango ko bayan tasha, in an ga ɗan sanda a watse. Wanda aka sani da caca ko mata ba a cika ba shi ba. Shi ya sa na daɗe ban saba da ganin tallan caca a jikin bas ɗin gwamnati ba.

Loto ma wasa ne a kan abin da ya biyo baya. A watan Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, a ƙarar da jihar New Jersey ta kai. Nan da nan jihohi suka shiga rububi, yanzu sama da 30 sun buɗe ƙofa. New York ta ɗan ja ƙafa, sai mutanenta suka riƙa haye gadar George Washington, su tsaya daga can ɓangaren New Jersey su buga a waya, su juyo gida. Da gwamnati ta ga kuɗi na tsallake kogi, a Janairun 2022 ita ma ta buɗe ƙofar cacar ta waya, ta ɗora wa kamfanoni irin su FanDuel da DraftKings harajin kashi 51 cikin 100.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi, don yawancin mutane ba sa tambayar kashi 51 na mene ne. Ba na duk kuɗin da aka zuba ba ne. Na abin da ya rage ne a hannun kamfani bayan ya biya waɗanda suka ci, wato asarar 'yan wasa zalla. A 2024 jihar ta samu kusan dala biliyan ɗaya daga wannan haraji. To ka ga kenan mutanen jihar sun tafka asarar kusan biliyan biyu a shekara guda. Duk ranar da 'yan caca suka yi sa'a, baitulmali ya yi rashi. Duk ranar da aka kwashe su, kasafin kuɗi ya yi ƙiba. Daga cikin wannan tulin, abin da doka ta ware a 2024 don jinyar waɗanda caca ta zame wa ciwo dala miliyan 6 ne. Ko ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amsar da ake bayarwa kullum ita ce kuɗin makarantu ake kai wa. Gaskiya ne, haka doka ta ce, kuma a jihar Georgia kuɗin loto ya biya wa ɗalibai masu yawa karatun jami'a tun 1993. Ban raina wannan ba. Amma wanda ya taɓa riƙe cefanen gida ya san kuɗi ba su da suna a goshi. In aka samu wani ya ɗauke maka kuɗin makarantar yara, wanda ka saba warewa sai ya tafi wata hidimar. Majalisa ma haka take yi in ta ga dama. Kuma ban taɓa ɗaukar wani mai kwat daga Manhattan na gan shi yana kankarar kati ba. Dattijuwar nan ce ke biya, da masu kai abinci a keke, da 'yan'uwana direbobi.

Akwai wani abokin aikina, Bahaushen zango daga Kumasi, da muke musu a kan wannan a filin jirgi in muna jiran layi. Shi cewa yake, "Malam, ko an hana za su yi, ba gara gwamnati ta samu nata ba?" Har yana ba ni labarin yadda Ghana ta sa harajin kashi 10 a kan abin da mutum ya ci a 2023, matasa suka yi ta ƙorafi har aka soke shi a 2025. Na ce masa ai ka kawo min hujja da kanka. Ƙasar da cire harajin caca ya zama alkawarin neman ƙuri'a, abin ya riga ya shiga jini. Kuma da bambanci tsakanin gwamnatin da ta kasa hana abu da wadda ke fatan a ƙara yin sa don ta cike giɓin kasafi. Ta biyun ba za ta taɓa yi maka wa'azi da zuciya ɗaya ba.

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne maganar ta iso gida. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta rushe dokar loto ta ƙasa ta 2005, ta ce sha'anin caca na jihohi ne, ban da Abuja. Kusan irin hukuncin Amurka ke nan. Legas dama tana da hukumarta tana karɓar nata. Kano ta bi ɗaya hanyar, Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, kuma hukuncin ya ƙara mata ƙarfi. A nan Amurka ma akwai irinta: jihar Utah ba loto, ba cacar wasanni, saboda addinin mutanenta, kuma ba ta tsiyace ba. Tsorona shi ne ranar da albashi zai gagara a wata jihar Arewa, wani mai ba gwamna shawara ya buɗe takarda ya nuna masa abin da Legas ke samu, a canja wa abin suna, a kira shi kuɗin lasisi.

Sai dai kada mu yaudari kanmu da kwaɗon da aka sa wa shago. Da na je gida bara, na zauna majalisar ƙannena ranar Asabar da yamma, ana kallon Firimiya. Wani yaro, ɗan yayata, bai fi shekara 19 ba, bai ma kalli talabijin ɗin ba, kansa na kan waya. Da aka tashi sai ya buga cinya ya ce wasa ɗaya ne ya ɓata masa tikiti, da ya ci dubu ɗari takwas da naira 200. Na ce, "Kai, ba an rufe wuraren nan ba?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, wa ke zuwa shago yanzu?" Ya juyo min da fuskar wayar, har ya fara haɗa na gobe, wasa goma sha huɗu.