Kafin a sayi sola, a fara duba rufin gida

Wanda ya zaga Kwarbai ko Ƙofar Doka a Zariya zai ga yadda gyaran tsofaffin gidaje ya koma: a sauke soro, a ɗora kwano, a shafe ginin ƙasa da siminti. Bazara na shigowa ɗaki ya gagara kwana, sai maigida ya shiga lissafin na'urar sanyaya ɗaki da sola. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

A gidan da ba bene ba, yawancin zafi daga sama yake saukowa. Soro mai azara da ƙasa mai kauri yana tsare zafin rana na awanni, kwano kuwa nan take yake miƙo shi ciki. In dole sai kwanon, a zaɓi mai farin launi, a shimfiɗa takardar alminiyam a ƙarƙashinsa da tazarar santimita 3, domin in ta manne da kwano ba ta da amfani. A sa silin, a kuma bar kafofin iska a ɓangarori biyu na rufin. Kafintoci kan toshe su don gudun jemage, alhali raga ta wadatar. Bakin kwanon ya fito aƙalla santimita 60, ya yi wa bango inuwa, ya kare shi daga feshin damina.

Filastar siminti a kan tubali ita ce ɓarnar da ba a gani da wuri. Tana tsagewa, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa jiƙewa ta ciki har ya zube. Yaɓen makuba yana barin danshi ya fita, sai dai yana son a riƙa sabunta shi, abin da mutanen yanzu ke ƙyashi.

Sai batun wuta. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki 1.5 tana jan kusan wat 1,100, fankar sama kuwa wajen 75. Tun Afrilun 2024 kuɗin yunit a Band A, rukunin masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, ya haura naira 200, wato awa takwas na na'urar zai ci kusan naira 1,800. Tunda an riga an fasa bango, a sauya tsohon wayarin: mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ga soket, 4 ga na'urar, a layinta daban. Bayan haka ne ya kamata a kira mai sola ya auna bukatar gidan.